Tocilar Baba da Jakin da Ya Ƙi Gada

Shekarar da ƙanwata ta zo hutu daga ƙasar waje, Baba ya riga ya yanke cewa ba za ta koma ba. A ganinsa, mai karatun da ko allura ba ta iya yi wa mutum ba, yawo kawai take yi. Ni da aka bari da hawasharmu, wato gonarmu ta auduga, kusa da Sinnar, gaskiya abin ya yi mini daɗi.

Muna shan shayin safe ya ce ta faɗi aikinta. Ta ce a cikin ƙwayoyin halittar dabba akwai furotin, ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani. In an haska musu shuɗin haske sai su tashi su tafi inda ake so, in an kashe su komo.

"To, tayyib," in ji Baba. "Dabba kinka ce?"

Muna da wani jaki da bai taɓa yarda ya taka gadar tur'a ba, wato babbar hanyar ruwan gonaki. Baba ya ɗaure wa tocilarsa shuɗiyar leda a baki, ya tasa mu gaba da jakin zuwa bakin gadar da rana tsaka. Ya haska jaki a ido, ya haska a kunne, har ƙarƙashin wutsiya sai da ya leƙa. Masu zuwa gona suka tsaya kallo. Jaki ya miƙa wuya ya cinye ledar.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ƙanwata ko murmushi.

"Ya Baba, sai an ɗauko wani abu daga tsiro an liƙa ma furotin ɗin kahin shi ji haske," in ji ta. "Na daɗe ina hwama da nawa."

"Sun motsa?" in ji Baba.

"Sun motsa. Ni kaɗai cikin ɗaki, na yi ta kuka, babu wanda zan gwada ma."

Na daina dariya. Tausayinta ya kama ni, ban so ba.

Baba bai sake tada maganar ba. Ranar da hutunta ya ƙare, shi da kansa ya ɗaura wa jaki amalanke muka kai ta bakin titi. Mota na tsayawa ya cusa mata tocilar a jaka, da sabuwar leda a bakinta.

"In kahrabarsu, wutar lantarkin, ta ɗauke, kada ma'aikatan naki su tsaya. In sun sake motsi ki bugo min, ni ki gwada ma. Khalas, shi ke nan, tahi."

Muka komo ta doguwar hanya saboda jaki, don har yanzu ya ƙi gadar.