Kwalbar Malam Yusha'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 14 ga Mayu, 1978, Allah Ya karɓi ran Malam Yusha'u Rabe, malamin kimiyya a Safana, bayan gajeriyar jinya. Tare muka koyar, kuma ban taɓa ganin mai zumuɗin ilimi irinsa ba.

Yusha'u, na tuna ranar da ka dawo daga tafiyarka ta farko a jirgin ruwan masu bincike. Ko takalmi ba ka cire ba ka fara ba mu labari, hannu na tashi sama. Ka ce sinadarin naitirojin, wanda ke cikin takin zamanin da ake raba wa manoma, yana yawo a iskar tsakiyar teku, inda babu gona ko ɗaya. Wani daga walƙiya yake, wani kuwa kana kyautata zaton daga hayaƙin sassabenmu ne. Burinka ɗaya: a auna iskar teku da hayaƙin garinku Ruma a jami'ar Zariya, a gani ko jininsu ɗaya. Muka yi ta dariya, amma wallahi ka burge mu.

Ka zo da kwalba a toshe, cike da iskar teku. Yayarka Tasalla ta gan ta a ɗaki fayau ba komai, ta wanke ta tas, ta zuba man shanu. Ba ka yi faɗa ba. Ka ce, "Yaya, kin saki teku a Ruma!" Ita ce ta yi kuka, kai kana lallashi.

Ka sake komawa teku, ka kai sabuwar kwalba Zariya. Saura hayaƙin Ruma kaɗai, kana jiran lokacin ƙona sassabe, sai ciwo ya kwantar da kai.

Shekaranjiya aka cinna wa sassabe wuta a gonar gidanku. Tasalla ta juye man shanun nan, ta wanke kwalbar, ta shiga cikin hayaƙi har idonta ya yi ja, ta toshe bakin kwalbar yadda ta ga kana yi. Ta miƙo mini, ta ce, "Malam, a kai masa Zariya. Wannan karon ban buɗe ba."

Gobe zan kai, in Allah Ya yarda.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Tasalla, da mai ɗakinka Asta, da mutanen Ruma da Safana haƙurin rashinka. Amin.