Bindigar Baban Bawab

Shekarun baya, ina ɗalibi a Alƙahira, jim kaɗan bayan gari ya rikice a 2011, na yi wani zama a unguwar Hayyin Ashir wanda har yau ban manta da shi ba.

Ni dai tun ina yaro tsofaffin bindigogin soja suka shiga raina. Mahaifina tsohon ɗan sanda ne, ya riƙi irin wadda suke kira mak-fo, kuma labarinta na sha har na ƙoshi. Na tara hotuna, na tara kwanson harsashi, na san tambarin masana'antu kamar karatun sallah. Amma fa ban taɓa harba ko ɗaya ba. Abokina da muke ɗaki ɗaya kan ce ni ne mahaucin da bai taɓa yanka ko kaza ba.

Mai gadin gidanmu, wanda a can ake cewa bawab, dattijo ne mutumin kudancin Masar. Ammu muke kiransa. Su a al'adarsu ba a biki sai an yi harbi sama, kuma a shekarun nan ba mai hanawa. Da auren babban ɗansa ya matso, ya ji labarin haukata daga bakin abokina, sai ya kira ni ɗakinsa na ƙarƙashin bene bayan la'asar. Ya jawo wani bargo daga bayan gado ya warware.

Wallahi sai ga bindiga. Mak-fo ce, irin ta Baba sak, katakonta ya yi baƙi saboda shafar hannu.

"Ta mahaifina ce," in ji shi. "Daga sansanin Turawan Ingila ya ƙwato ta a bakin mashigin ruwa. Tun da na yi wayo ban ji ta yi magana ba. Ranar biki ango zai fara harbi da ita, kai kuma ka yi na biyu. Tamam? Ka goge mana ita, ya ibni," wato ɗana.

Na biyu! Ban san lokacin da na ce tamam ba.

Ina cikin gogewa tsumma ya share dattin da ke kusa da kunama, sai ga haruffa biyu na Turanci an buga a jikin ƙarfen, D da P. Na san su. Haka sojan Ingila ke yi wa bindigar da ta gaji, ma'ana ta fareti ce kawai, a saɓa a kafaɗa a yi maci, ba a sa mata harsashi. In aka matsa mata tana iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Wato abin da baban Ammu ya ɗauko ba makamin yaƙi ba ne, sandar koyon maci ce mai siffar bindiga.

Sai na nannaɗe ta na ce ta yi kyau. Ka ji Bahaushe. Kara ta hana ni duban dattijo in ce masa abin alfaharin gidansu fanko ne.

Daga nan zama ya gagare ni. In na buɗe littafi, hannun ango nake gani. In sauko bene da niyyar magana, in tarar da Ammu yana ba maƙwabta labarin jarumtar babansa, sai in yi sallama in wuce kamar mai zuwa sayen burodi. Burodin da na tara a makon nan ya ishi gidan biki. Har kasuwar Ataba na tafi ba abin da zan saya, ina ta yawo cikin 'yan kasuwa. Wani sa'in ma zuciya ta ce mini, wa ya sani, ƙila ta ɗauki harbi biyu lafiya? Son raina ne ke magana, na sani.

Abokina ya gaji da ni. "Malam, khalas, ya isa haka! Ko ka faɗa masa ko ka bar mu mu yi muraja'ar karatunmu. Kana ta kai-kawo kamar kazar da za ta yi ƙwai."

Na kira Baba a waya. Da na gama ba shi labari, ya ce, "Irinsu aka ba mu a makarantar horo. Akwai wanda ya yi wa ɗaya ganganci, har ya bar aiki da hagu yake gaisawa. Kai, kunya ba ta mayar da yatsa. Ka je ka same shi shi kaɗai, kada ka faɗa a gaban mutane."

Ranar biki da hantsi, ana kafa rumfa a titi, na ja Ammu ɗaki. Na nuna masa haruffan, na yi bayani da Larabcina da ya bi ya cukurkuɗe. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

"Shi ya sa," ya ce a hankali. "Kullum mahaifina kan ce ya yi rantsuwa ba za a sake harba ta ba. Mu kuwa muka ɗauka rai ya kashe da ita." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ashe ya sani. Ma'alish, ba komai, ya ibni. Jeka."

Da yamma ya fito da ita a kafaɗa. Samari suka yi ta ihu a ba ango, sai Ammu ya ɗaga hannu ya ce wasiyyar mahaifinsa ce, ba a harba ta. Wasu suka yi harbinsu da nasu, ita kuwa ta yi fareti, aikin da aka yi ta dominsa.

Bayan nan Ammu bai daina gaisawa da ni ba, amma ban sake jin ya ba kowa labarin sansanin Turawa ba. Wannan yana damuna har yau, don na san ni na raba shi da labarin. Har yanzu kuma ban harba mak-fo ba, kuma kwaɗayin bai tafi ba.

Ranar da zan bar Masar, angon nan ya zo taya ni sauko da kaya. Da ya miƙo hannun dama mu yi sallama, na riƙe shi na ƙi saki, ina ta jujjuya shi, har ya fara dariya yana tambayar babansa ko lafiyata ƙalau. Ammu bai yi dariya ba. Ya ce, "Bar shi ya riƙe."