Saiwar da Baba Ya Ƙi Sarewa

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Dogon Dutsi, a ƙarshen bazara, saura shekara takwas Nijar ta sami 'yancin kanta, Inna ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa Baba bariki. Ni ma shekaruna takwas. Tun kafin in kai shingen gidan Kwamanda, Baturen da ke mulkin garin, wari ya tare ni, irin wanda ke shiga maƙogwaro ya zauna. Na iske Baba cikin rami har ƙirji, baƙin ruwa ya kai masa gwiwa, ƙudaje sun rufe masa baya. Gardi biyu, 'yan sandan Kwamanda, na tsaye can nesa sun toshe hanci. Ina kallo ya sunkuya ya jawo wani dogon abu kamar wutsiyar doki, yana ɗigar ƙazanta. Saiwa ce. Bai jefar da ita ba. Ya miƙa hannu ya kwantar da ita a gindin tsamiyar da ke bakin ramin, a hankali, bakinsa na motsi. Na matso zan taɓa, sai ya doke mini hannu. A tsawon zamana da shi, wannan ne kaɗai dukan da ya taɓa yi mini.

Dole in faɗi abin da ke tsakanina da tsamiyar nan. Mu a lokacin 'yan gargajiya ne, kakanninmu daga wajen Lugu suka taso. Kafin ni Inna ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Sai ita da Baba suka je wurin doguwa, aljanar da ke zaune cikin tsamiyar bakin gonarmu, suka roƙe ta ɗa mai zama. Suka yi mata alkawarin nono da baƙar kaza kowace shekara, kuma babu ɗan gidanmu da zai taɓa itacenta da ƙarfe. Aka haife ni, na zauna. Kowa a unguwa ya san sharaɗin: ranar da aka cuci tsamiyar, doguwa za ta karɓi abinta. Daga baya Nasara suka ƙwace gonar suka gina gidan Kwamanda, tsamiya ta faɗa cikin shinge. Kukun gidan, wani dattijo mai kirki, shi ke buɗe wa iyayena ƙofar baya sau ɗaya a shekara su kai nono.

Ba zan ɓoye ba, na sha gata. Sa'o'ina na dakan gero har tafin hannu ya yi kanta, ni kuwa ana ba ni ƙaramar taɓarya in yi ta wasa. In an je rijiya tuluna ya fi na kowa ƙanƙanta. A dandali in muna carafke na ci su, sai su ce doguwa ce ta cafe mini dutsen. In na yi atishawa sau biyu Inna ta bar tukunya a wuta ta zo ta taɓa mini goshi. Ban san nauyin abin ba, ni dai na ɗauka haka ake son kowace yarinya.

Gidan Kwamanda kuwa salgarsa a cikin ɗaki take, abin da muka daɗe muna yi wa dariya, wai mutum ya ci abinci ya yi bayan gida ƙarƙashin rufi ɗaya. Daga ɗakin akwai tiyo na gasasshen yumɓu, gaɓa-gaɓa, da aka binne ya bi ta ƙasa har wani rufaffen rami a bayan gida. Hanyarsa ta bi ta gindin tsamiya. In rani ya yi tsanani itace na neman ruwa duk inda yake. Saiwa siririya kamar zare ta sami tsaga a mahaɗar gaɓa biyu, ta shiga, ta sha, ta yi gashi har ta cika tiyon. Baba lebura ne a hannun wani magini mutumin Dahome, saboda haka aikin da kowa ya ƙi, kansa ya faɗa.

Kwana uku yana haƙa. Ya fasa gaɓa biyu da suka tsage, ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiya ya riƙa zura ta yana jawo gashin saiwa, yana jera shi a gindin itacen yana ba da haƙuri. Wannan bai taɓa alkawari ba, tunda saiwar ce ta shiga inda ba nata ba, kuma da hannu yake ƙarasa cire ta. A rana ta uku aka tarar da uwar saiwar, kaurinta ya kai taɓarya, ta kwanta a kan tiyo ta danne shi. Magini ya leƙa ya ce a sare ta. Ya sa aka kawo rabin buhun gishiri, ya ce a zuba a kan kututturen don kada ta sake tsirowa, sannan ya wuce wani aikin ya bar Baba ya ƙarasa.

Baba ya jera sabbin gaɓoɓi ya liƙe su da siminti, aiki tsaf. Amma saiwar bai taɓa ta ba. Ya samo faffaɗan dutse ya cusa tsakaninta da tiyon, ya karɓi nonon da Inna ta aiko ni da shi ya zuba mata, ya mai da ƙasa. Gishirin kuwa ya sungume shi ya kai ƙorama ya binne. Gishirin da muke saye ɗan tsunkule-tsunkule a kasuwa! Ko ɗanɗano bai kawo gida ba, don kada a ce sata ta sa shi. A hanyar komawa ya ce mini, "Ɗiyata, ba ki ga komi ba. Mai wanga icce ita tab ba mu ke." Na ce to, ban kuwa faɗa wa kowa ba.

Damina ta yi kyau a shekarar. Muka yi noma a gonar aro, na yi tsaron tsuntsaye da gwangwani, aka cika rumbu. Baba ya tabbata doguwa ta ji roƙonsa ta janye ƙafarta. Ni dai yanzu na san itace ba ya jin lallashi, wanda ka ba nono a bakin ruwa kuwa ka nuna masa hanya ne kawai. Da rani ya zagayo, ƙazanta ta dawo ta malale ɗakin wankan Kwamanda, ranar da yake da baƙi. Aka tone ramin a gaban kowa. Ga saiwa nan lafiya lau, ta ƙara kauri, ta ture dutsen ta murƙushe sabon tiyon, babu alamar gishiri. Magini ya kasa ɗaga kai.

Tafintan Kwamanda ya kawo hukunci: tsamiya za ta faɗi. Ko Baba ya sare ta da gatarinsa ya gyara ɓarnar, ko a kulle shi a sa fursunoni su sare. Mutane suka ce ya zaɓi kurkuku, aƙalla hannunsa ya fita. Shi kuwa ya duba abin ta wata fuskar. In wasu suka sare, doguwa za ta nemi abin da ta bayar, wato ni. In hannunsa ne, ta san wanda za ta kama. Inna ta kulle ni a ɗaki kwana huɗu, ina jin ƙarar gatari daga nesa, don tsamiya ba ta faɗuwa da sauƙi. Kuku ne ya gaya mana cewa kafin saran farko Baba ya tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Ni na, ki dube ni da kyau. Hannuna na. Ki bar yarinya."

Bayan itacen ya faɗi ya koma cikin ramin don gyaran tiyo, ba takalmi, kamar kullum. Wani ɓallin yumɓu ya tsaga masa diddige. Ya yagi tsumma ya ɗaure, ya ƙara kwana biyu a cikin ruwan nan har ya rufe aikin. Bayan mako ɗaya muƙamuƙinsa ya ƙulle. Sai wuya ya sandare, sai baya ya riƙa banƙarewa in an yi ko ƙaramin motsi a tsakar gida. Na ga Inna na ƙoƙarin ɗura masa kunu ta tsakanin haƙora, yana zubowa ta gefen baki. Hankalinsa bai gushe ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Duk lokacin da na shiga, idonsa na bina daga kai har ƙafa yana duba ko lafiyata lau. Ranar da ya cika, Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta jawo ni ta taɓa goshina, ta ce, "Doguwa ta amsa."

Daga baya an sa ni lakwal, wato makarantar boko, na girma na zama ungozoma a asibiti, na musulunta. A can na koyi sunan ciwon da ya kashe shi, na ga ana yi wa mutane allura ɗaya don kada ya kama su. Na san ƙazanta ce ta shiga rauni, ba wata doguwa. Na yi fushi da gidan da ya sa mutum cikin kashinsa ba takalmi. Na yi fushi da Baba kansa, na ce da ya zuba gishirin nan da ya ga aurena. Amma sanin nan bai rage komai ba daga abin da ya yi, domin shi da ya ɗaga gatarin bai yi tsammanin zai tsira ba.

Bara saiwar dogon yaro ta toshe tiyon gidan jikana. Samari biyu suka zo a babur da doguwar waya da tiyon roba, suka sare saiwar suna hirar ƙwallo, kafin azahar sun gama. Babu wanda ya ce wa itacen uffan. Ɗayansu zai shiga ramin da silifa, na tsare shi da sandata har sai da aka aro masa takalmin roba, suna ta dariya wai tsohuwa ta cika faɗa. Na bar su da dariyarsu. Na wuce tamanin yanzu, Baba kuwa bai kai arba'in ba.