Taki Biyun da Goggo Ta Ɓoye wa Hajiya

Shekara goma sha huɗu ke nan ina kaɗa fiyano a ƙungiyar kiɗanmu da ke Nyanya. A cikinsu duka, ranar da har gobe ba ta bar raina ba ita ce wata Laraba, sati biyu bayan Babbar Sallah, da aka kawo sabon fiyano aka ajiye shi gefen Goggo. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da sunan nan a cikin injin da muke aiki da shi yanzu, kuna ta tambayata asalinsa. To ga labarin. Da hannuna na rubuta shi, a hankali, malamar ajinmu ta duba mini.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai sani ba. Mu masu kiɗan biki ne: kamu, dina, suna, wani lokaci har taron sallamar ma'aikacin da ya yi ritaya. Mai ƙungiyar shi ne Alhaji Nura, wanda muke kira Oga. Ya yi aiki a wata ma'aikatar tarayya har ya kai mataimakin darakta kafin ya ajiye. Mawaƙiyarmu Hajiya Talatu ce. Ni kuwa, Sale, ni ke kan fiyano. A irin kiɗanmu fiyano shi ne komai. Ganga, kalangu, algaita, sarewa, duk daga cikinsa suke fitowa. In ya yi shiru, biki ya tsaya.

Goggo tsohon fiyanonmu ne, sunan da Hajiya ta raɗa mata ke nan. Na gaje ta daga maigidana Malam Audu, wanda ya koya mini kiɗa kafin ya koma gonarsa a Bwari. Malam Audu ya san ban iya karatu ba, don haka ya samo jan farce kala uku ya ɗiga wa maɓallan. Ja na waƙoƙin Hajiya ne, kore na shigowar amarya, shuɗi na lokacin cin abinci. In na danna ja, komai ya hau da kansa: gangar, da kalangun, da sauti mai lamba arba'in da bakwai. Wannan sautin fiyanon lantarki ne mai taushi, kamar ƙararrawar da aka naɗe da zani. Da shi aka san mu.

Amma tsufa ya kama Goggo. In damina ta zauna, maɓalli biyu sukan maƙale. Inda ake cusa wayar sifika kuma sai an tokare da tsinken ashana. Sai ga shi a wani biki a Gwarinpa, daidai lokacin da amarya ta sako ƙafa cikin zaure, Goggo ta ɗauke. Hajiya ta ci gaba da waƙa da baki kawai, mata suka taya ta da tafi, aka rufa asiri. A mota Oga ya ce, "Malam Sale, tsohuwar nan ta kai shekarun ritaya. Za mu duba sabo."

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na ga irin sababbin nan a hannun wasu. Ba su da maɓallan kirki, gilashi ne kamar na waya, komai a rubuce da Turanci, ka taɓa nan ya kai ka can. Ina za a ɗiga jan farce a jikin gilashi? Ga matasa cike da gari, sun iya kiɗa, sun iya karatu. A lokacin wata huɗu ke nan da shigata ajin yaƙi da jahilci a Masaka, inda nake zaune. Litinin da Talata muke yi bayan la'asar, ranakun da ba a biki. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Na fara haɗa baƙi, ina karanta sunan unguwa a jikin mota, amma ban kai in tunkari gilashin Turanci ba. Na san in Goggo ta tafi, kujerata na iya bin ta.

Oga ba ya yin abu sai da tsari, halin ofis bai sake shi ba. Ya ce an kafa kwamitin mutum uku: shi, da Hajiya, da ni. Ya buga takardar ba da maki. Ya kira Chidi, mai shagon kayan kiɗan da muke hulɗa da shi, ya kawo fiyanon gwaji. Da ƙarfe goma na safiyar Larabar Chidi ya iso, ya ɗora shi a kan ƙafar ƙarfe, ya cusa masa filash mai ɗauke da samfurin sautuka.

"Oga, wannan fiyano shi ne ƙarshe," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. "Bayan shi babu wani. Mama za ta ji, za ta manta da wancan tsoho."

Hajiya ta harare shi. "Wace ce Mama? Ni na haife ka?"

"Yi haƙuri, Anti."

"Yauwa. Yanzu ka yi magana."

Ga yadda aka tsara gwajin. An rataya labule a tsakiyar ɗakin. Oga da Hajiya suna can baya, ba sa ganin wanda nake taɓawa. Zagaye na farko saurare ne kawai: in kaɗa gaɓa ɗaya a nan, in maimaita ta a can, su ba da maki. Zagaye na biyu Hajiya za ta yi waƙa a kan kowanne.

Gaskiya baƙon nan ya burge ni, ko da raina bai so ba. Chidi ya zaɓo mana samfurin fiyanon lantarki guda huɗu. Na farko ƙarau yake kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali. Na biyu yana da wata rawa a ciki, sauti na kaiwa da komowa tsakanin sifika biyu. Na uku mai kauri ne, in ka danna a hankali ya yi laushi, in ka buga da ƙarfi ya yi gurnani. Goggo ba ta san wannan ba, ita ko ka lallaɓa ko ka doka, amsarta ɗaya ce. Na huɗu kuwa, da na kaɗa shi sai Hajiya ta ɗaga murya daga bayan labule ta ce, "Wa ya yar da kwanon sha?" Aka yi dariya, aka wuce shi. A wannan zagaye baƙo ya yi gaba.

Sai aka zo waƙa. Hajiya ta ɗauki makirfo ta ɗauko waƙarta ta uwar amarya, wadda ke da wani wuri da murya ke hawa can sama. Na fara da Goggo, ta haye shi cikin sauƙi kamar kullum. Na koma kan baƙo, na sa yatsuna daidai inda na saba sawa. Ta taho lafiya, da ta iso wurin hawan sai murya ta tsage. Ta sha ruwa, aka sake. Ta kuma tsagewa. A karo na uku ta ajiye makirfon.

"Alhaji, ban san wanne ne wannan ba, amma shaƙe mutum yake yi. Shekara ashirin ina hawa wurin nan ban taɓa zamewa ba. Muryata tana nan yadda take tun ina budurwa."

Aka yaye labule. Oga ya dubi takardarsa, ya dubi Chidi. Ya ce, "To, ai magana ta ƙare. Fiyano don mawaƙiya aka yi shi. Sai mu kai Goggo gyara." Ni kuwa a zuciyata har na fara hamdala.

Amma Oga sai ya rubuta rahoto, ko da kuwa shi kaɗai zai karanta. Ya ce, "Malam Sale, karanto mini lambar sautin da ke jikin gilashin kowanne, in sa a rubuce." Lamba ba ta ba ni tsoro, na san lambobi tun ina yaro. Sai dai ƙaramin gilashin Goggo ya dushe, don haka na zaro tabaran da na saya saboda aji, na saka, na sunkuya. Ban taɓa kallon gilashin nan da kyau ba, don ban taɓa zaton yana da abin da zai gaya mini ba.

Na ga arba'in da bakwai. A kusurwar sama kuma na ga wata kalma, gefenta lamba biyu, gaban biyun da wani ɗan gajeren layi. Na daɗe da sanin layin, na ɗauka tsagewar gilashi ce. Da tabarau sai na ga ashe shi ma haske yake, kamar lambar. Kuma a satin da ya wuce malama ta koya mana lissafi, ta zana irin layin nan a allo ta ce alamar ɗebewa ce. Na juya kan baƙo na bi gilashinsa a hankali, ina gwada baƙi da baƙi, har na samu kalma iri ɗaya. Gefenta sifili ne.

Nan na gane. Tun ɗazu kunnena ya ji baƙon ya fi tsayin murya, na ɗauka halinsa ne. Ashe Goggo ce aka ɗebe wa wani abu har biyu. Ba a yi wa baƙo adalci ba.

Na tsaya da tabarau a hanci. In na yi shiru, Chidi zai naɗe kayansa, ni da Goggo mu ci gaba da zamanmu. Ba wanda ya gani sai ni. Amma na tuna amaryar Gwarinpa tsaye a bakin ƙofa ba kiɗa. Na ce, "Oga, kafin ka rubuta, a zo a duba nan. Wannan an ɗebe mata biyu, wancan ba a ɗebe masa komai ba."

Chidi ya leƙa, ya dafe kai. "Kai! Ni ma ban duba ba! Oga, an sauke wannan taki biyu." Ya yi bayani cewa akwai wurin da ake sauke muryar fiyano gaba ɗaya, yatsun makaɗi suna inda suke amma sautin ya yi ƙasa, don mawaƙi ya samu sauƙi. Wani ne ya sauke, ya adana a cikin jan maɓalli.

Hajiya ta ce, "Ƙarya ne. Ni ba a taɓa sauke mini komai ba."

Oga ya ce akwai mai raba gardama. Ya kira Malam Audu, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Muna jin kukan awaki a bayansa. Bayan gaisuwa Hajiya ta karɓe.

"Malam Audu, tsakaninka da Allah, kai ka sauke mini fiyano?"

Ya fashe da dariya. "Hajiya, sau biyu ma. Taki ɗaya bayan kin haifi autarki, ɗaya kuma shekarar da kika dawo daga Makka da mura."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"In gaya miki ki cinye ni ɗanye? Wa ya tona?"

"Ɗalibinka."

"Sale? Yaushe Sale ya fara karanta gilashi?"

Hajiya ma ta kama dariya, har da riƙe ciki. Ta ce, "Shekara da shekaru ina cika baki a gaban mata, ashe Goggo ce ke durƙusa mini in hau!"

Chidi ya sauke baƙo taki biyu, aka sake rataya labule. Wannan karon Hajiya ta haye wurin nan a kan samfur na uku, har ta ƙara wani lanƙwasa da ban taɓa jin ta yi ba. Kwamiti ya amince a sayi sabo. Abu ɗaya ta ce ba za ta rabu da shi ba, arba'in da bakwai, don duk cikin huɗun ba mai taushinsa. Chidi ya ce wannan mai sauƙi ne, za a naɗi sautin daga Goggo, maɓalli bayan maɓalli, a zuba cikin sabon.

Da Hajiya da Chidi suka fita cin abinci na tsaya gaban Oga. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ya kamata ka sani. Ban iya karatu ba. Yanzu nake koyo, wata huɗu ke nan."

Ya cire tabaransa ya dube ni. "Malam Sale, shekara nawa ina ganin jan farce a jikin fiyanon nan? Ka zaci na ɗauka kwalliyar Sallah Malam Audu ya yi mata? Ni da digirina na wuce gilashin nan sau dubu ban karanta shi ba. Kai da wata huɗu ka karanta, kuma ka faɗa, alhali shirunka ya fi maka. Kujerarka tana nan. Na ba ka wata biyu, Goggo tana fita biki, kai kana koyon baƙo."

Kwana uku muka yi da Chidi muna naɗar arba'in da bakwai. Da muka gama, gilashi ya buɗe wurin rubuta suna. Chidi ya miƙa hannu, na ce ya dakata. Na saka tabarau, na nemo baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Baƙaƙen Goggo biyar ne kacal, amma sai da na yi gumi. Sunan da kuke gani ke nan duk lokacin da kuka kunna injin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in za ku gwada sauti biyu, ku fara tabbatar da cewa a taki ɗaya suke tsaye, in ba haka ba kunnenku zai yanke hukuncin zalunci. Na kuma gane cewa rabin aikin mai fiyano rufa wa mawaƙi asiri ne, yadda Malam Audu ya yi shekaru yana yi ba wanda ya ji. Goggo tana ɗakina a Masaka, da jan farcenta, ina taɓa ta ranar da ba aiki. A bara ne, muna shirin wani biki, Hajiya ta matso kusa da ni, ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Malam Sale, nawa gilashin ya ce yanzu?"

Na ce, "Biyu, Hajiya."

Ta ce, "Mai da shi uku. Kuma in Alhaji ya tambaya, ka manta tabaranka a gida."