Mai Ruwa Ya Ajiye Kwalbarsa

Da hantsi yake zuwa. Ya jingine kekensa a jikin katanga, ya zagaya bayan gida inda ɗan kwamin ninƙaya yake, ya kwashe ganyayen da suka kwana a kan ruwa da raga mai doguwar sanda. Sannan ya durƙusa ya ɗebi ruwan a ƙaramar kwalba, ya ɗiga magani, ya ɗaga ta sama yana duban launi. Launin ne ke gaya masa ko kulorin ya isa kashe ƙwayoyin cuta, ko ya yi yawan da zai ƙona fata. Mai Ruwa muke ce masa, mutumin da ko iyo bai iya ba.

Gidan na gwaggona ne. Marigayi mijinta ya gina kwamin don jikoki, jikokin kuwa a waya kawai take ganinsu. Da ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce ta riƙa takawa cikin ruwa kullum. Ga ta da ciwon suga, ɗan ƙwarzane a ƙafa in ya haɗu da ruwa mai datti sai ya zama gyambo. Wato ƙafar Gwaggo a cikin kwalbar nan take.

Na sha ganin rigimarsu. Bayan ruwan sama ta iso bakin kwami da sandarta, ya tare hanya.

"Hajiya, yau babu shiga."

"Ruwa garau kamar madubi, ka ce babu shiga?"

"Garau ɗin ne ba na yarda da shi. Bari kwalba ta yi magana."

Ta yi ta mita, ya yi kunnen ƙashi, daga baya su zauna shan shayi. Idan ta shiga kuwa, yana tsaye a gefe yana ba ta labarin gari har ta fito. Matarsa ta rasu da daɗewa, ɗaki ɗaya yake haya. Na tabbata a duk wuni wannan ce hirarsa, ita ma haka.

Watan jiya ya ɗaga kwalbar ya daɗe yana juya ta, sannan ya miƙa wa Gwaggo.

"Hajiya, wannan rawaya ce mai duhu ko mai haske?"

"Ni kake tambaya? Ni da nake gaida labule in ɗauka mutum ne?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Ranar bai bar ta ta shiga ba, da yamma kuma ya kira ni ya ce a nemi wani.

Kai ne abin ya fi shafa, Mai Ruwa. Da ka ci gaba da zuba magani da ka, babu wanda zai gane, hannunka ya san ma'auni tun ba yau ba. Amma ka ce ba za ka yi kintace da ƙafar mutum ba. Ka san gidan da za ka bari shi kaɗai ne inda ake tambayar ka yaya ka kwana, ka bar shi. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Yanzu wani kamfani ke turo ma'aikaci. Aikinsa ba laifi, sai dai ya gama ya wuce, ko sannu babu. Gwaggo na takawarta shiru.

Na je duba shi a ɗakinsa, na iske shi zaune yana fuskantar ƙofa. Ban gama gaisuwa ba ya ce, "An yi ruwa jiya. Ka ce su gwada kafin ta shiga."

Mun gode, amintaccen ruwa. Allah ya ba idonka lafiya, ya saka maka. Ku masu aikin da lafiyar wani ke rataye a kansa, ku koyi tsayawa ranar da kuka daina gani sosai. Gobe da hantsi zan ɗauko Mai Ruwa a mota, don har yanzu Gwaggo kofin shayi biyu take fitarwa.