Kifin da Ba a Kama da Taru Ba

Shekarar da aka rufe gadar Gaya, kifi ne ya fara ɓacewa daga kasuwa. Kogin bai ƙafe ba. Masunta ne suka gano cewa tsallakar da mutane da buhuna zuwa gaɓar Benin ta fi jefa birgin kamun kifi riba, sai kowane mai kwale-kwale ya rataye taru ya koma fito.

A lokacin ina zaune gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda bandar kifi ce sana'arta tun ina yaro. Murhunanta na laka da ke bayan gida suka yi sanyi har kaji suka fara ƙwai a ciki. Babbar mai sarinta, wata Hajiya daga Dosso, ta aiko cewa in ta zo kasuwar wannan makon ba ta tarar da kaya ba, za ta nemi wata. A sana'ar banda, mai sari in ta canza ƙofa ba ta dawowa, kuma gwaggo ba ta da wata hanyar ciyar da gidan tun rasuwar mijinta.

Ɗan kifin da ke fitowa ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. A makarantarmu ta lise an koya mana cewa idan kaya ya yi tsada, masu kawo shi kan ƙaru. Malamin ya ja layi a allo, layin ya hau sama, muka kwafa. Gaskiya ya faɗa. Bai dai gaya mana ta wace hanya kayan ke zuwa ba.

Da hantsi ƙanin marigayi mijinta ya iso daga wajen Tounouga a kan moto mai ƙafa biyu, da kwanduna biyu an rufe da buhu. Manomin shinkafa ne, ban taɓa ganin ƙugiya a hannunsa ba.

"Matar yaya, fito ki ga arziki," ya ce.

"Kai da ko kwaɗo ba ka iya kamawa? Wa ka yi wa sata?"

"Allah ne ya ba ni. Buɗe ki gani."

Ta yaye buhun. Karfasa da tarwaɗa ne, manya da ƙanana a cakuɗe, har da 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba, waɗanda kowane taru zai bari su wuce. Babu raunin ƙugiya a baki, babu gurzar zare a jiki. Ta danna cikin wata tarwaɗa da babban yatsa, sai ya lotse bai taso ba, wani ruwa kore ya tsiyayo. A ƙarƙashin ƙarnin akwai wani wari da duk wanda ya taɓa ratsa gonar shinkafa bayan feshi ya sani. Ƙudaje suka sauka a bakin kwandon. Na tsaya ina kallon ɗaya yana juyi a bayansa yana harba ƙafa.

"Ina ka zuba?" gwaggo ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba.

Bai ma yi musu ba. Ragowar maganin ƙwarin gonarsa ya juye a tafkin da kogi ya bari da ya ja baya, da safe ya je ya tsince abin da ya taso.

Na ce, "Kawu, tafkin da shanu ke sha? Inda mata ke wanki?"

"Cikin kwana biyu maganin zai wuce," ya ce. "In ban zuba ba wani zai zuba. Kuma hayaƙi yana kashe komai, tambayi gwaggonka."

Na juya ina jiran ta kore shi. Ta goge yatsanta a bakin zani, ta ce, "Kifin magani za ka kawo mini, ka kira mini kuɗin kifin taru? Kunya dai ba ta ishe ka ba."

Ciniki ta fara. Gubar ta zama abin neman ragi, kamar yadda ake nuna huji a jikin atamfa. Suka ja, suka yi dariya, ya ce ta fi 'yan duwan masu karɓar haraji a kan iyaka tatsa, ta ce ai shi ya fi su. Suka daidaita.

Yinin nan murhunan suka kama. Da can kayan cikin kifi kaji take watsa wa. Ranar sai ta haƙa rami mai zurfi ta binne, ta ɗora dutse. Ta sa ɗanyen itace don hayaƙi ya yi kauri, ta bar kifin ya yi baƙi fiye da yadda ta saba, ta shafe shi da manja har ya yi ƙyalli. Tuwon darenmu kuwa miyar kuka ce da daddawa. Ko kan kifi ɗaya ba ta jefa a tukunyarmu ba.

Ranar kasuwa Hajiya ta zo. Ta ɗaga ɗaya ta shinshina, ta ce, "Ke ce dai, 'yar'uwa. Duk garin nan babu mai hannunki." Sannan ta ɓalli tsoka ta jefa a baki. Gwaggo ta tsaya tana kallonta tana tauna, har ta haɗiye, sai ta miƙa mata kofin ruwa.

Hajiya ta kwashe duka, ta ce mako mai zuwa ninki take so. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba gwaggo ta miƙo mini wayarta, ta ce in kira mata ƙanin mijinta. Na ce ba zan kira ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi abarta, ta matso da ita kusa da ido, ta nemo lambar da kanta.