Sai-Gobe da Gwaggo Mai Tafireta

Gwaggo ta daina taɓa tafireta shekara goma sha biyar da suka wuce, amma sunan ya maƙale mata. Yayar Babanmu ce, kuma shagonta na nan a layin da ke bayan kotu, ɗaki ɗaya mai fanka ɗaya, da benci, da butar shayi. Duk mai son a buga masa takardar ƙara ko ta koke, wajenta yake zuwa, don ita ta san yadda ake jera magana har magatakarda ya karɓa bai yamutsa fuska ba.

Kwamfutarta kuwa abin a yi kuka ce. Wata tsohuwar akwati ce da ta fara rayuwa fara, ta koma ruwan ƙasa. Idan an kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, ta yi tsit kamar mai tuna inda ta ajiye makulli. Mutanen layin suka raɗa mata Sai-Gobe, domin kalmar da aka fi ji a shagon ke nan.

Ni abin da ya kai ni, Yaya ne. Bayan rasuwar Baba ya ja katanga a tsakar gida, ya bar bishiyar lemon da Baba ya dasa a ɓangarensa. Ni kuma na samu makwararar ruwa. Na rantse sai mun tsaya gaban alƙali, ko da hakan na nufin ba zan sake gaishe shi ba har abada.

Sau uku ina zuwa. Gwaggo ta buga layi biyu, Sai-Gobe ta sandare.

"Zauna ka sha shayi, Auta," in ji ta. "Tunani take yi."

"Gwaggo, wannan ba tunani ba ne, suma ce."

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, don haka na san ciwon. Ram ɗinta ne ya yi kaɗan, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da ke hannunta. Nata bai wuce faɗin faranti ba, aikin kuwa na tabarma ne. Na kwana biyu ina yawo a kasuwar 'yan tsofaffin kaya, saboda irin nata an daina yi tun ina makaranta. Da ƙyar na samo sandar ram guda biyu a ƙasan wani kwali.

Na zo na zare waya daga soket, na kwance murfin gefe. Ƙurar da na tarar a ciki ta isa a shuka gyaɗa. Har da gawar ƙadangare, ya bushe yana kallon sama. Na taɓa ƙarfen akwatin don kada wutar jikina ta ƙona kayan, na buɗe 'yan maƙallan, na daidaita tsagar kowace sanda da raminta, na danna har suka ce ƙas. Gwaggo na tsaye a kaina, ta naɗe hannu kamar ana yi wa jikanta kaciyar da ba ta amince da ita ba.

Na kunna. Kafin ta gyara zaman tabarau, Sai-Gobe ta buɗe ido tangararan. Na jira godiya, har na tanadi fuskar da zan karɓe ta da ita.

"To," in ji Gwaggo. "Ka zo gobe da lambar filin."

Washegari na zo da lambar, da fushina sabo fil. Ta danna maɓalli. Nishi, tari, tsit. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na kwance murfin, na ga ramukan nan biyu wayam. Da na waiwaya, sai ga sanda ɗaya an tokare ƙafar tebur da ita. Ɗayar na cikin gwangwanin sukari, a madadin cokali.

"Gwaggo! Kin san wahalar da na sha kuwa?"

"Na sani. Jiya bayan tafiyarka mutum huɗu suka zo. Dukansu sun fita da takardunsu kafin ruwan shayi ya tafasa. Har da wata da ta kai ƙanwarta ƙara a kan akuya." Ta zuba mini shayi ba tare da na nema ba. "A da, cikin mutum goma, bakwai a bencin nan ƙararsu ke mutuwa. Su zauna, su zagi kwamfuta, su zage ni, su gaji, su tafi gida. Ukun da suka jure, su ne masu gaskiyar zuwa kotu."

"Amma ke aikinki bugawa ne, ba sulhu ba."

"Haka ubanka ya ce."

Na ɗago kai na dube ta.

"A nan ya zauna, daidai inda kake. Takardar rabuwa da uwarka ya zo in buga masa, Yayanka na goye. Lokacin tafireta ce. Na ce masa ribon, zaren tawadar nan, ya ƙare. Kwana tara ribon yana ƙarewa." Ta juya shayinta da sandar ram ɗina. "Kai kuma bayan shekara biyu aka haife ka. Sai ka lissafa."

Ban san lokacin da na koma na zauna ba. Kunya ta kama ni, da kewar Baba, da wani haushi na daban don tsohuwar nan ta gama da ni ba ta ko ɗaga murya ba.

Ana cikin haka labule ya motsa. Yaya ne, da takarda a naɗe a hannu. Ya gan ni, na gan shi. Ashe sati uku ke nan yana sintiri da tasa ƙarar, a kan wai ruwan makwararata na cin gindin katangarsa. Gwaggo ta raba mana ranaku ne kawai, yau kuma ta haɗa.

Benci ɗaya ne a shagon. Ya zauna can ƙarshe, ni ma na matsa can ƙarshe. Sai-Gobe ta ci gaba da nishi. Mun fi rabin awa muna kallon allon da babu komai a kai.

Can Yaya ya ce, bai dube ni ba, "Wai kai ba gyaran kwamfuta kake yi ba?"

"Wannan ta fi ƙarfina," na ce.

Sai ya laluba aljihun rigarsa, ya fito da lemo biyu, ya ajiye ɗaya a tsakiyar benci.

"Bana ta yi 'ya'ya da yawa," in ji shi. "Sun fi ƙarfin gida ɗaya."

Gwaggo ta miƙa hannu ta kashe kwamfutar. Na ɗauki lemon na fara ɓarewa.